Ranar da Ɗanlami Ya Ce Babu Sauƙi

Tun Ɗanlami yana goye ake yi masa bankwana. Ungozomar da ta yanke masa cibi ta ce wannan ba mai zama ba ne, ta mutu ta bar shi. Malaminsu na allo ya hana a doke shi, ya ce ba a dukan baƙo, shi ma ya tafi ya bar shi. Da ya auri Tabawa, mata sun riƙa yi mata jaje tun ana cikin buɗar kai, wai za ta yi takaba da ƙuruciya. Shi ya raka ta makabarta. 'Yarsu ɗaya ta yi aure can Agadas, shi kuma ga shi nan ya haura arba'in, furfura ta fara leƙo masa a gemu, ana dai jiran tafiyarsa.

Amosanin jini ne da shi. Lokotoro masu duba shi suna da wani suna na Faransanci da suke kiransa, wanda ya fi shi kansa ciwon tsawo. Na taɓa ganin hotonsa a bangon likita, wato asibiti, inda aka zana jinin mai ciwon, sai na ga kamar jinjirin wata ne masu yawa suka yi cunkoso a ƙofar kasuwa, kowa na son wucewa, ba mai ba wani hanya. Haka yake yi cikin jijiya. In ya kama mutum, sai ya ji kamar ana sassaƙar ƙashinsa da gizago. In ya saki, ya tashi ya kama harkarsa kamar kowa. Ba abin da ke tayar da shi kamar sanyi.

Ɗanlami yana da gonar rani a Jiratawa, cikin filayen nan da ake ba ruwan fanfo ta kanal. Ta ubansu ce, da ya rasu ta zauna hannunsa, don wansa Maiwada ya daɗe da shiga birni yana fataucin atamfa. Ba ta da girma. Ya dasa zogala layi-layi ta gefen gabas, tsakiya albasa da tattasai. Matan da ke sarin ganye daga Maraɗi suke zuwa da buhuna, suna cewa zogalarsa ba ta da ɗaci. Abin da ya fara kai ni wurin wani ƙadangare ne mai wutsiya biyu da aka ce yana zaune a kan iyakar gonar. Na same shi kuwa, wutsiyar a rabe kamar harshen maciji. Daga zuwa kallonsa na saba da wurin, ina zama ƙarƙashin dogon yaro ina ganin aikin mutane.

Ɗanlami ba ya gaggawa. Da tsohon kwat yake aiki ko ana zafi, da safa cikin takalmin roba, da bidon ɗin ruwan sha da ke bin sa duk inda ya matsa. Ya yi kunya biyu ya zauna, ya tashi ya ƙara. Amma kafin la'asar za ka tarar ya gama abin da mai lafiya ya gama.

Gonar da ke jikin tasa ta Dogo ce, ɗan kawunsa daga Tibiri. Taubasai ne, don haka ba a raba su da tsiya. Kullum Dogo ya kafe motonsa, wato babur, da safe, gaisuwarsa ita ce:

"Kai matacce, ba ka tahi ba har yanzu? Rigar da na ɗinka don zaman makokinka tana can tana ƙoɗewa."

"Ai jira nike in ga inda za a samo likkafanin da zai kai tsawonka," in ji Ɗanlami. "In sun rasa, sai a haɗa da labulen uwargidanka."

Ruwan kanal kowa da lokacinsa. Rabon Ɗanlami ya faɗo da sassafe, na Dogo da rana tsaka. Da ɗari ya shigo, Dogo ya zo yana huci, ya ce shi fa ba zai ƙara tsayawa cikin rana yana gasuwa kamar tsire ba alhali wani rago yana shan ni'imar safiya, dole a yi musanya. Ɗanlami ya ce in dai kuka ne to ya ɗauka. Tun daga nan Dogo ke shiga ruwan safe yana rawar ɗari, Ɗanlami ya zo da hantsi ya jira na rana. Ba wanda ya ƙara tayar da zancen a cikinsu.

Na ga ranar da ciwon ya kama shi cikin gona. Ya saki fartanya ya durƙusa, ya dafe ƙasa da hannu biyu. Dogo ya tsallako kanal.

"Ina ya kama?"

"Ƙugu."

"Na kwanciya ne ko na likita?"

"Na kwanciya."

Dogo ya shimfiɗa masa buhu inda rana ke duka, ya ɗora ruwa a gwangwani, ya jiƙa tsumma da ruwan ɗumi ya ɗaure masa ƙugu, ya miƙa masa ƙwayarsa da bidon. Sai ya koma gonarsa inda zai iya jin kira. Da lokacin ruwa ya yi ya buɗe wa albasar Ɗanlami, tunda ruwa ba ya jira. Amma ko ciyawa ɗaya bai cire masa ba.

"Ciyawarka tana nan tana jiranka," ya ce da zai tafi. "Ba bawan gidanku nike ba."

Alhaji Maiwada kuwa, wallahi yana son ƙanensa. Ba wanda zai ce ba ya so. Gidansa na unguwar Zariya a Maraɗi, mai babbar ƙofar ƙarfe. Yana aika shinkafa da mai Jiratawa ba a roƙa ba. Sai dai bai taɓa iya kallon Ɗanlami ba tare da idonsa ya ciko ba. Da ya gan shi sai ya rage murya, ya karkata kai, ya ce, "Bawan Allah, ya jikin?" Ya daɗe yana roƙonsa ya bar wahalar gona ya dawo birni ya huta. Ɗanlami ya ce, "To Yaya, bari a cire albasa." In an cire albasa ya ce bari tattasai ya nuna.

Ita wannan gaisuwa ta "ya jiki" tana da abin mamaki. Amsarta ɗaya ce a ƙasar Hausa: da sauƙi. Na ga wanda ake laƙƙana wa kalmar shahada, aka tambaye shi jiki ya ce da sauƙi. Ga mai zazzaɓi gaisuwa ce mai kyau, don ana yin ta mako guda a daina. Shi Ɗanlami tun da ya san magana ita ake yi masa. Ba a tambayarsa kasuwa, ba a tambayarsa ruwan bana. Yana son kokowa kamar ransa, amma ba mai yi masa gardama. In ya ce bana Maraɗi ce za ta ɗauki takobin gasar kokowa, sai a ce, "Haka ne, Ɗanlami," ko da mai maganar ɗan Tawa ne.

Matar Alhaji, Hajiya Zainabu, ta haihu, aka sa ranar suna. Ɗanlami bai daɗe da tashi daga wata kwanciya ba, amma ya ji ƙarfi. Ya cika buhu da zogala don a yi dambu, ya hau kabu-kabu ya zo Zariya. Ina wurin, ina kallon ragon sunan, wanda ƙahonsa ɗaya ya naɗe sama ɗaya ya naɗe ƙasa, kamar bai gama yanke shawara ba.

Maza suna zaune a tabarmi a ƙofar gida. Ɗanlami ya cire takalmi zai zauna cikinsu, Alhaji ya ce a'a, aka kawo kujera mai katifa aka aje masa can gefe, nesa da hayaniya. Duk wanda ya zo, ya yi wa Alhaji barka, ya karɓi goro da dabino, sai ya ratse wurin kujerar.

"Ɗanlami, ya jiki?"

"Da sauƙi."

"Allah shi ƙara sauƙi."

"Amin."

Can kan tabarmi ana ta musu kan farashin albasa, wani na cewa za ta faɗi, wani na cewa motocin kudu sun fara zuwa. Na ga Ɗanlami yana miƙa wuya, bakinsa na motsi. Duk cikinsu shi kaɗai ke noma albasa. Amma kafin ya sa baki wani ya tsaya gabansa ya tare shi da ya jiki.

Bayan an shafa fatiha sai ga Alhaji Abdulmuɗallib, abokin cinikin Maiwada, wani gajere mai sanƙo da ke da gidan kaji a hanyar Ɗan Isa. Ya riƙe hannun Ɗanlami da hannu biyu, ya lumshe ido.

"Allah sarki, bawan Allah. Ya jikin naka?"

Ɗanlami ya dube shi. Ba fushi a fuskarsa, har da ɗan murmushi.

"Babu sauƙi, Alhaji."

Can ana jin kukan ragon da ake ja zuwa wurin yanka.

"Ai ba zazzaɓi ba ne da za a ce an samu sauƙi," ya ci gaba. "Da shi aka haife ni, da shi zan koma, kamar yadda kai za ka koma da sanƙonka. Yau bai kama ba, gobe shi kama, jibi shi saki. Ku bar jiran sauƙin nan, ni na daɗe da bari. Ku tambaye ni albasa mana. Ba za ta faɗi ba, ku riƙe kayanku."

Ba wanda ya ji zancen albasa. Kalmomin nan biyu na farko sun riga sun tashi. Kafin su kai zaure sun zama Ɗanlami ya ce jikin ya ƙi. Kafin su kai tsakar gida wurin mata sun zama yana barin wasiyya. Sai muka ji salati daga ciki, wata tsohuwa ta fasa kuka, masu tuƙin tuwo suka saki muciya. Liman ya taso ya dafa kafaɗarsa, ya ce bawa ba ya yanke ƙauna daga rahamar Ubangiji.

"Ban yanke ba, Malam. Ina cikinta ma. Cewa na yi..."

"Yi shiru, yi shiru, kada ka wahalar da kanka."

Alhaji Maiwada ya rufe fuska da hannun riga, kafaɗunsa na rawa. Da ya iya magana ya ce, "Duk shekarun nan yana ɓoye muna. Mutumin da bai taɓa cewa wayyo ba, yau da bakinsa ya ce babu sauƙi. Wallahi ba ya komawa ƙauyen nan shi kaɗai."

"Yaya, gobe ina da ruwa."

"Ka ji shi ko? Ruwa yake tunani. Allah sarki."

Ba a bar shi ya koma ba. Aka ce ya huta kwana biyu. Aka share masa ɗakin baƙi da ke kusa da ƙofa, da gado da talabijin. Alhaji ya sa aka ɗaura sabon kilim, na'urar nan mai hura sanyi, don kada zafin Maraɗi ya dami marar lafiya. Ɗanlami ya ce sanyi ba ya yi masa. Hajiya Zainabu ta ce, "Kada ka ji nauyin kuɗin wuta, Baba ƙarami, gidanka ne." Ya kashe, mai kawo abinci ta kunna. Ya kashe, Alhaji ya leƙo ya ce ɗakin ya yi zafi, ya kunna da kansa, ya ja masa ƙofa a hankali. Ɗanlami ya naɗe cikin kwat ɗinsa, amma kwat ba ya maganin wannan irin sanyi. Ba a rufa mako ba ciwon ya kama shi a ƙirji da gadon baya, kamun da ya daɗe bai yi irinsa ba. Aka kwashe shi zuwa likita, aka ɗaura masa ruwa.

"Kun gani?" in ji Alhaji ga masu zuwa dubiya. "Da yana ƙauye da yanzu wani zancen ake."

Lokotoron da ya sallame su ya ce a kiyaye shi daga sanyi, ya yawaita shan ruwa, aiki kuma ya yi daidai ƙarfinsa. Da suka fito Alhaji ya ce ai su lokotoro ba sa faɗin gaskiya a gaban mai ciwo. An dai kashe kilim ɗin, aka kawo bargo.

Dogo ya zo Zariya da taɓon kanal a ƙafarsa. Ya tarar da Alhaji a ƙofar gida, suka gaisa.

"Na zo ɗaukar mushenku," ya ce. "Zogala ta isa yanka, mata na ta zarya."

"Dogo, wasa yana da lokaci. Mutumin nan yana tsakanin rai da mutuwa."

"Tun yaushe? Tun muna yara yake tsakanin nan, har ya gina ɗaki a wurin. Alhaji, kai ka taɓa tambayarsa ina ciwon ke kamawa?"

"Ni za ka gaya wa ciwon ƙanena? Ciki ɗaya muka fito."

"To ina yake kamawa?"

Alhaji ya kau da kai. Ya ce Dogo ba shi da tausayi, tun asali zuciyarsa dutse ce. Ya ce gona dai sunan mahaifinsu ke kanta, shi ne babba, kuma ya riga ya yi magana da shugabannin ƙungiyar manoma cewa Ɗanlami ya aje aiki. In Dogo yana jin zafin zogala, to ya riƙe gonar ya ci amfaninta.

"Na riƙe," in ji Dogo. "Amma amana ce, ba ci ba. Mai ita na nan."

Ya riƙe ta kuwa. Yana yin ruwan safe a tasa, ya yi na rana a ta Ɗanlami. In ya shigo birni ya leƙa ɗakin baƙi ya ba shi labari, wane layi tsutsa ta taɓa, wace mai sari ta yi ƙorafi. Ɗanlami yakan tashi zaune ya yi ta faɗa, ya ce Dogo ya cika wa tattasai ruwa, hannunsa kamar na mai wankin mota. Lokacin nan ne kaɗai ake jin muryarsa daga waje.

Ya yi ta roƙon wansa. "Yaya, gonar nan ita ke riƙe da ni, ba ni ke riƙe da ita ba. Bar ni in koma."

"Mi ka rasa a nan? Faɗa mini a kawo."

"Ban rasa komi ba."

"To ka gani."

Wata safiya da hantsi, Alhaji ya tafi kasuwa, Dogo ya tsaya da moto a ƙofa ya yi oda.

"In kana da sauran rai ka hito. In babu, in gaya ma albasa ta nemi wani uban."

Ɗanlami ya fito da kwat ɗinsa a hannu, ya haye baya. Ina ƙarƙashin dogon yaro suka iso. Ya sauka. Ya zaga gonar kaf, yana taɓa ganye, yana tura yatsa cikin ƙasa. Sai ya karɓi wuƙa ya shiga layin zogala. Ya yanka kaɗan ya zauna, ya sha ruwa, ya tashi. Gumi ya keto masa. Wata mai sarin ganye ta zo suka yi ta ja-in-ja kan buhu, ta ce masa marowaci, ya ce mata ɓarauniya, na ga haƙoransa duka a waje.

Ba a kai azahar ba motar Alhaji ta tsaya a bakin hanya. Hajiya ce ta leƙa ɗaki ta ga wayam ta buga masa waya. Ya taho cikin kunyoyi da babbar riga, taɓo na kama takalminsa, Alhaji Abdulmuɗallib na biye da shi. Manoman kusa suka aje aiki suka matso.

Alhaji bai yi faɗa ba. Da faɗa ya yi, da Ɗanlami ya sami abin riƙewa. Durƙusawa ya yi a gabansa, cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya kama gefen kwat ɗinsa.

"Don darajar nonon da muka sha, Ɗanlami. So kake ka faɗi cikin kanal a zo a gaya mini? So kake Maraɗi ta ce Maiwada yana da gida yana da mota, ƙanensa ya mutu da wuƙar yankan ganye a hannu? Ina zan sa kaina? Mi zan ce ma Inna ranar gobe ƙiyama?"

"Tashi, Yaya. Mutane na kallo."

"Ba ni tashi sai ka shiga mota."

"Lafiyata lau yau. Dube ni. Dube ni mana, Yaya."

Alhaji bai ɗago ba, kuka yake. Cikin masu kallo wani ya ce, "Kai, wanga ɗan'uwa ne na gari." Wani ya ce, "Ɗanlami, ji tausayin yayanka mana." Wata ta ce Dogo ya ji tsoron Allah, ya ɗauko majinyaci daga gado ya sa shi ƙwadago.

"Ƙwadagon wa?" in ji Dogo. "Gonarsa ce! Ku da kuke nan kullum, kun taɓa ganin ta kwana ba ruwa? Kun taɓa ganin..."

Ba mai saurarensa. Ɗanlami ya dubi wansa da furfurarsa durƙushe cikin taɓo, ya dubi mutane. Ba ƙanen da zai bar wansa a haka a gaban jama'a. Ya sunkuya ya aje wuƙar a kan buhu, ya kama hannun Alhaji ya tashe shi. Suka nufi mota, Alhaji na tallabe da shi, alhali shi ne ke neman wa Alhaji wurin taka ƙafa.

Kafin su shiga Alhaji ya juyo. "Dogo, na karɓi amanata. Muddin tana hannunka ba zai daina sa rai ba, sa ran nan kuwa shi zai kashe shi."

Alhaji Abdulmuɗallib ya daɗe yana neman fili mai ruwa inda zai noma masarar da zai ba kajinsa. Cikin makon nan aka gama magana, gonar ta koma hannunsa.

Dogo bai je Zariya ba sai da aka kwana biyu. Da zai je ya ce in raka shi, ban san dalili ba, don Dogo ba mai neman rakiya ba ne. Muka tarar da Ɗanlami zaune a bakin gado da sabuwar jallabiya fara, an yi masa aski, ya ɗan yi kumatu. Talabijin na ta magana ba mai kallo. A kan tebur ga kwanoni jere, ga lemu, ga madara. Hannuwansa na kan cinyarsa, sun yi laushi, kantar tafin ta fara ɓarewa.

Dogo ya tsaya a ƙofa kansa na taɓa saman ƙofar. Ya yi sallama, abin da ban taɓa jin ya yi wa Ɗanlami ba. Ya cire takalmi ya zauna a ƙasa.

"Sun shiga?" in ji Ɗanlami.

"Sun shiga."

"Albasar fa?"

"An cire. Alhaji ya ce a kawo maka kuɗin."

"Zogala? In sun sare ta daidai gwiwa ba komi, za ta tohu. Ta ma fi son haka."

Dogo ya dubi ƙasa. "Tumɓuke ta suka yi. Da saiwa. Sun ce tana yi ma masara inuwa."

Ɗanlami ya gyaɗa kai. Ya daɗe yana gyaɗawa. Can waje wani mai kabu-kabu na ta oda, wata mai tallan fura ta wuce. Na ɗauka zai yi kuka ko ya tashi ya yi faɗa, bai yi ko ɗaya ba. Ya ɗauki lemu ɗaya ya jujjuya ya mayar.

"To," ya ce. Sai ya ɗan gyara murya, ya yi ƙoƙarin murmushi. "Kai kuma yanzu wa za ka samu ka yi ma hassada? Tattasanka da ke fitowa kamar kashin awaki."

Ya jira. Dogo ya ɗago ya dube shi, ya dubi jallabiyar da kwanonin da hannuwan nan. Idonsa ya kaɗa ya yi ja, kansa ya fara karkata gefe ɗaya.

"Kada ka yi mini haka," in ji Ɗanlami. Muryarsa ta canja. "Dogo. Ban da kai."

"Ban yi komi ba."

"To zage ni."

Dogo ya buɗe baki. Mutumin da in ya fara tsiya tun daga Jiratawa sai ya kai Tibiri bai maimaita ba, ya nemi kalma ɗaya ya rasa. Ya murza hularsa a hannu.

"Zage ni mana, ɗan kawu. Ce mini matacce."

"Allah sarki, Ɗanlami," in ji Dogo, can ƙasa-ƙasa. Ina jin bai san ta fito ba sai da ya ji ta da kunnensa.

Ɗanlami ya dube shi kamar yadda ake duban baƙon da ya ɓata gida. Sai ya janye ƙafafunsa kan gado a hankali, ya juya fuska ga bango, ya ja bargo har kafaɗa.

"In za ku fita ku ja mini ƙofa," ya ce.

Muka fito. Dogo ya yi ta taka moton ya ƙi tashi, har ya gaji ya kama turawa, ni kuma ina biye da shi a ƙasa.